Gidan da Kowa Baƙo Ne

Baƙo kalma ce da ba ta tsayuwa ita kaɗai. Duk inda aka ambace ta, akwai wani a bayanta ko da ba a kira sunansa ba, wato wanda aka zo wurinsa. Mutum ba ya zama baƙo a tsakiyar daji. Sai ya iso ƙofa, ya yi sallama, wani daga ciki ya amsa, sannan baƙunta ta soma. Shi ya sa in aka ce wane ya yi baƙo, ba a tambayar inda zai kwana. An riga an san yana da shimfiɗa, tunda yana da mai masauki.

Bahaushe ya baza kalmar nan a wurare da dama. Jaririn da aka haifa daren jiya baƙo ne, 'yan barka na shigowa suna cewa a nuna musu baƙon. Ƙyanda in ta shigo gida ba a kiran sunanta gatsal, sai a ce baƙon dauro, kamar ana lallashinta ta yi kwanakinta ta tafi ba ta ɗauki kowa ba. Amarya baƙuwa ce, kuma baƙuntarta ta ba ta ikon yin shiru har sai abokan ango sun zo sun sayi baki. A wajen taro akwai babban baƙo mai kujerar tsakiya. A bakin iyaka kuma akwai baƙin haure, waɗanda suka shigo ta inda katanga ta gutsure, ba ta ƙofa ba. Karin magana ma ba ta bar shi ba. Baƙonka annabinka. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙo ko da ido makaho ne. Baƙo ba sallama mugu ne. Wannan na girmamawa, wannan na haƙuri, wancan na tausayi, na ƙarshen na tsoro. Amma in ka kasa kunne za ka ji duk daga baki ɗaya suka fito, bakin mai gida, yana tuna wa kansa abin da ke wuyansa da abin da zai yi hattara da shi.

To, yaya gidan da kowa a cikinsa baƙo ne?

A farkon shekarar 1992 tashar MTV ta Amurka, wadda a lokacin aka fi sani da bidiyon waƙoƙi, ta kama wani faffaɗan bene a unguwar SoHo ta birnin New York, ta zuba matasa bakwai a ciki, ta bi su da kyamara kimanin wata uku. A watan Mayu aka fara nuna abin da aka ɗauka, kashi goma sha uku, da sunan The Real World. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro shirin, Mary-Ellis Bunim da Jonathan Murray. Ita Bunim ta daɗe tana shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango a talabijin, kuma irinsa suka so yi tun farko, labarin matasa a birni. Da aka yi lissafin kuɗin marubuta da na 'yan wasa sai aka ga ya fi ƙarfin tashar. Sai suka ce a bar marubuta, a bar 'yan wasa, a nemo mutane na gaske. Kafin su an taɓa yin wani abu makamancin haka: a 1973 an nuna An American Family, inda aka bi wani iyali a gidansu na Santa Barbara wata da watanni. Sai dai a can kyamara ce baƙuwa, ta tarar da masu gida a gidansu. A benen New York kuwa kyamara ta riga kowa isowa.

Ba da ka aka tsinto mutum bakwan nan ba. An zaɓe su ne don kada su yi kama da juna. Akwai Julie, 'yar shekara 19 daga jihar Alabama, farar fata, ta zo birni neman sana'ar rawa. Akwai Kevin Powell, marubuci baƙar fata. Akwai Heather B., mawaƙiyar gambara, ita ma baƙar fata. Ranar farko suna zaune ana gabatar da juna, sai 'yar na'urar da ke jikin Heather ta yi ƙara, irin wadda ake ratayawa a ƙugu kafin wayar salula ta yawaita, mai sanar da mutum ana nemansa. Julie ta juya ta tambaye ta ko ƙwaya take sayarwa. Da wasa ta faɗa, amma a ƙasar da aka daɗe ana jingina wa baƙar fata wannan zargi, wasan yana da ƙaya.

A gidan da ke da mai masauki, an san abin da zai biyo baya. Mai gida zai yi caraf ya ce, "Ki yi haƙuri, baƙuwa ce, ba ta san garin ba." Ya ja yarinyar gefe ya yi mata faɗa a hankali, maganar ta mutu kafin a ci tuwon dare. Makantar baƙo abin rufewa ce. A nan babu wanda ya rufe. An ɗauke ta, an adana, an saka ta a kashin farko don duk Amurka ta gani. Daga baya Heather da Julie sun zama aminan juna, kuma su suka yi wa kansu wannan, ba wani ya yi musu ba.

Gidan da baƙi ke taruwa a birni ba sabon abu ba ne ga Hausawa. Fataken goro da na shanu da suka riƙa bin hanyar Gwanja da Kumasi da Ibadan, a zango suke sauka, kuma kowane zango yana da masu gidajen saukar baƙi. A wani wuri a ce fatoma, a wani wuri a ce mai gida kawai. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda harkar take. Mai gida zai ba ɗan kasuwa ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki shanunsa bashi. Ba don Allah kaɗai yake yi ba, yana da la'adarsa. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sukan kwana ɗaki ɗaya a gidansa, Bakatsine da Bazazzagi da mutumin Damagaram. Amma arzikin fatoma a ɗaure yake da lafiyar baƙonsa. In kaya suka ɓata a gidansa, ko asirin wani ya tonu, ko aka yi rigimar da ya kasa kashewa, labari zai riga shi isa Arewa, baɗi ba wanda zai sauka wurinsa.

Gidan talabijin ma yana da mai gida. Shi ya biya haya, shi ya zaɓi kujeru da kalar bango, shi ya san wa da wa ya haɗa. Sai dai ba ya cin abinci da baƙinsa, ba ya shiga tsakani in an yi faɗa, dokar aikinsa ma ita ce kada ya sa baki. Kuma la'adarsa ba daga zaman lafiyarsu take fitowa ba. Muna cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, don mu shirya wa haƙuri tun kafin a saɓa ɗin. Shi kuwa saɓanin yake jira, don shi ne hajar da zai kai kasuwa.

Ba zan ce hajar ba ta da amfani ba. Ana cikin ɗaukar shirin ne, a ƙarshen Afrilun 1992, aka wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, birnin Los Angeles ya kama da wuta. A kakar nan ta shirin Kevin da Julie sun yi wata doguwar taƙaddama a bakin titi, suna ɗaga murya, kan launin fata da wanda ke da iko a ƙasar. Matasa da yawa a garuruwan da fari da baƙi ba sa haɗa kwano sun ga irin wannan magana ana yinta ido da ido, wataƙila a karon farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da aka ɗauka na wata uku sai da aka tace shi ya koma 'yan mintoci a mako, kuma mai tacewa shi ke zaɓar fuskar da za a san mutum da ita. Kevin ya yi shekaru yana faɗin yadda aka maƙala masa tambarin baƙar fata mai fushi. Mutum ya shiga gida da halinsa guda ɗari, ya fito da ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Zaman tare, in ka tona tushensa, a kan rashin gani aka gina shi. Duk wanda ya yi zaman gidan haya, mai famfo ɗaya da bayi ɗaya da igiyar shanya ɗaya, ya san haka. Cikin dare ka ji maƙwabcinka da matarsa suna sa-in-sa ta bayan bango, har ka ji kuka. Da safe ku haɗu a bakin famfo, ka ce, "An tashi lafiya?" ya ce, "Lafiya lau," ka matsa masa ya tari ruwa. Ya san ka ji. Ka san ya sani. Ba wanda zai ɗaga maganar, kuma wannan shirun shi ne zaman. Muna da sunaye da yawa gare shi: kawaici, kau da kai, kara, rufin asiri. Ginin gidanmu ma da shi aka yi, shi ya sa ake tsayar da baƙo a zaure, ya ga abin da aka fito masa da shi, sauran ya bar wa masu gida. Addini ya ƙara ɗaure abin, ya ce a nemi izini kafin a shiga, in an nema sau uku ba a amsa ba a juya, ya kuma hana bin diddigin asirin mutane.

Gidan talabijin ba shi da zaure. Ba a kau da kai a cikinsa, domin ko ɗan'uwan zamanka ya kau da nasa, kyamara ba ta kawarwa. Da shirin ya ci gaba sai aka ware wani ɗan ɗaki inda kowa zai shiga shi kaɗai, ya zauna gaban kyamara, ya faɗi abin da ke ransa game da sauran. Abin da a gida ake kira gulma, a nan ya zama aikin da aka ɗauke ka ka yi. Wanda ya iya riƙe bakinsa, wanda a unguwa za a ce mutumin kirki ne, a nan ba shi da amfani, ba za a ma nuna shi sosai ba. A 1999 John de Mol na ƙasar Holan ya ƙarasa ginin da shirin Big Brother: ya kulle ƙofa, ya ba mai gida murya ba fuska, ya ari sunan daga littafin George Orwell na 1949, sannan ya miƙa wa masu kallo ikon korar baƙo ɗaya bayan ɗaya. Shirin ya iso Afirka a 2003, Najeriya ta yi nata a 2006. Korar baƙo, abin da ake jin kunyar a ce wane ya yi, ta zama bikin ƙarshen mako.

Duk da haka akwai wanda ya shiga irin wannan gida da idonsa biyu, ya san abin da ya kai shi. A kaka ta uku ta The Real World, a 1994, an kama gida a titin Lombard na birnin San Francisco. Cikin baƙin akwai Pedro Zamora. A Kyuba aka haife shi a 1972, ya tsallako Amurka yana ɗan shekara takwas cikin ayarin jiragen ruwan da suka taso daga tashar Mariel a 1980, mahaifiyarsa ta rasu yana da sha uku, yana da sha bakwai aka gano yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Maimakon ya ɓuya, sai ya mai da faɗakarwa sana'arsa, yana bin makarantu yana yi wa sa'o'insa magana, har ya taɓa yin bayani a gaban 'yan majalisar dokokin ƙasar. A daren farko a gidan ya fito da kundin da yake tara labaran aikinsa ya nuna wa abokan zama. Bai ɓoye cutarsa ba, bai kuma ɓoye cewa abokin rayuwarsa namiji ne ba, kuma a Amurkan wancan lokaci ko ɗaya daga cikin biyun ya isa a guje mutum.

A lokacin mutane na tsoron haɗa kofi da mai wannan cuta. Sai ga shi a talabijin yana wanke kwano, yana dariya, yana kwana ɗaki ɗaya da wani mai zanen barkwanci, Judd Winick. Wata daga cikin abokan zaman, Rachel Campos, wadda ta fito daga gidan masu riƙon addinin Katolika, ta ja jiki da farko, daga baya har gidan iyayenta a Arizona ta kai shi. Rigimar da aka fi tunawa kuwa a kan kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa aka yi ta, irin wadda suke shafa wa burodi. Wani abokin zamansu da ake kira Puck, mai kai saƙo a keke, wanda bai damu da tsabta ba, ya tsoma yatsa cikin kwalbar Pedro. Duba yadda abin ya juye. Duniya na gudun hannun Pedro, alhali shi ne mai raunin garkuwar jiki, shi ya kamata ya ji tsoron hannun kowa. Ba kwalbar kaɗai ba ce, akwai baƙaƙen maganganu da suka taru. Da tura ta kai bango Pedro ya ce zai bar gidan, sai sauran suka zauna suka yanke cewa Puck ne zai fita.

Pedro ya ba da asirinsa da hannunsa, don ya san abin da zai saya da shi. Ya rasu a Miami ranar 11 ga Nuwamba, 1994, sa'o'i kaɗan bayan an nuna kashin ƙarshe na kakar. Shekararsa 22. Shugaba Bill Clinton ya kira shi a waya yana kwance, ya kuma yaba masa a bainar jama'a.

Wata 'yar shekara 22 kuma ta shiga wani gidan a wani birnin, bayan shekara ashirin da biyar. Shirin Terrace House na Japan, wanda tashar Fuji ta fara a 2012, an san shi da sanyi: maza uku, mata uku, gida mai kyau, ba kora, ba gasa, sai wasu masu sharhi da ke zaune a ɗakin shiri suna kallo suna tofa albarkacin bakinsu. Hana Kimura 'yar kokawar resilin ce, ta shiga kakar Tokyo ta 2019. Wata rana ta bar kayan kokawarta a injin wanki, kayan da ta saka a babban filin Tokyo Dome. Wani abokin zama bai duba ba ya zuba nasa a kai, kayan suka tsuke suka lalace. Ranta ya ɓaci, ta yi masa faɗa, ta kaɓe masa hula. Iyakarta ke nan. Faɗan wanki ne, irin wanda ake yi a kowane gida a manta kafin sati. Da aka nuna shi, mutanen da ba ta taɓa gani ba suka yi mata caa a intanet, kullum zagi, wasu har suna ce mata ta ɓace daga duniya. Annobar korona ta sa an dakatar da ɗaukar shirin, tana zaune ita kaɗai da wayarta. Ranar 23 ga Mayu, 2020, ta halaka kanta. An soke kakar. Mahaifiyarta, Kyoko Kimura, wadda ita ma 'yar kokawa ce, ta ce masu shirin ne suka zuga 'yarta ta zafafa faɗan; tashar ta musanta cewa an tilasta mata. Uwar ba ta yi shiru ba, kuma a 2022 Japan ta tsananta hukuncin cin mutunci, ya kai ɗaurin shekara guda ko tarar yen 300,000.

Tun da na san labarin nan nake neman inda zan ajiye mu, masu kallo, a cikin kalmar. Ta wata fuskar mu ne baƙin da ba su yi sallama ba: mun shiga har ɗakin kwana, mun ga mutum yana kuka, mun ga wankinsa, shi bai ko san fuskarmu ba. Ta wata fuskar kuma mu ne masu gidan. Don idonmu aka kama hayar, kuɗin tallan da ke biyan komai yawanmu yake bi, a wasu shirye-shiryen ma ƙuri'armu ce ke cewa wane ya kwashe kayansa. Duk wanda ya ga yadda ake raba gari a Facebook da X a lokacin Big Brother Naija, kowa da nasa, ana zagin na wani har iyayensa, ya san ba Japan kaɗai ba ce. Muna da ikon mai gida, amma ba wanda ya taɓa ɗora mana nauyinsa, mu ma ba mu nema ba. Mai masauki na gaske yana ganin baƙonsa da safe bayan abin kunyar daren jiya, dole ya san yadda zai dube shi. Mu muna kashe talabijin ne kawai.

Idan aka bi labaran nan ana neman wanda ya yi aikin mai masauki, sau da yawa wani baƙon za a tarar. Gaskiya ne MTV ta buɗe asusun biyan kuɗin jinyar Pedro, don ba shi da inshorar lafiya, kuma ya kamata a faɗa. Amma da jikinsa ya tsananta bayan an tashi daga gidan, ya kasa zuwa makarantun da ya yi wa alkawari, Judd Winick ne ya riƙa zuwa a madadinsa, yana tsayawa gaban ɗalibai yana faɗin abin da ya koya a ɗakin da suka kwana tare. Shi da Pam Ling, ɗalibar likitanci da ita ma ta zauna a gidan, suka riƙa zuwa Miami suna zama da dangin Pedro a asibiti, lokacin da ba mai ɗaukar hoto. Judd ya ci gaba da faɗakarwar bayan rasuwar, a 2000 ya fitar da littafin zane a kan zamansu mai suna Pedro and Me. Shi da Pam sun yi aure a 2001.